Begen Tsohon Sulke: Nazari a Kan Rigar Ƙarfen Iron Man

Hausawa na cewa kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. Wannan magana ce ke fara faɗo mana a rai duk sa'ad da muka ji tsofaffin masu karanta labaran zane na ƙasar Amurka, waɗanda ake kira komik, suna kokawa a kan rigar yaƙin wani tauraro nasu mai suna Iron Man, wato Mutumin Ƙarfe. Yau fiye da shekara sittin ke nan da ƙirƙiro wannan tauraro, kuma a tsawon wannan lokaci an sauya masa sulke sau da yawan gaske, har finafinai suka ɗauke shi suka shigar da shi gidajen da ba a taɓa buɗe mujallar zane ba. Duk da haka, in ka tambayi da yawa daga cikin masoyansa wane sulke ne na ainihi, sai su nuna maka wancan mai launin ja da ruwan zinariya wanda aka fara zanawa a ƙarshen shekarar 1963, su ce duk abin da ya biyo baya kwalliya ce kawai.

Tambayar da muke son bin diddiginta a wannan sharhi ita ce: shin ƙuruciyarsu kawai waɗannan mutane suke nema, ko kuwa akwai wani abu na adabi a jikin tsohon sulken wanda sabon ya rasa? Ra'ayinmu shi ne akwai, sai dai kuma ba duk abin da ake bege ne ya cancanci a yi begensa ba. Mun ga ya dace mu kawo zancen gaban 'yan'uwa marubuta domin matsalar da ke ciki kowane mai rubuta ƙagaggen labari zai ci karo da ita, ran da ya miƙa wa tauraronsa wani takobi, ko zobe, ko laya, ko na'ura wadda ta fi ƙarfin abokan gabansa.

Da gangan muka zaɓi kalmar sulke. Kundin Tarihin Kano ya ambaci cewa Sarki Kanajeji, wanda ya yi mulki daga 1390 zuwa 1410, shi ne ya fara shigo da lifidi da kwalkwali da sulke cikin kayan yaƙi. Duk wanda ya taɓa kallon 'yan lifidi a hawan salla ya san abu biyu game da irin wannan shiga: tana kare mai ita, tana kuma wahalar da shi da nauyi da zafi, har dokin ma ya san an ɗora masa kaya. A kan waɗannan abubuwa biyu, kariya da nauyi, dukkan nazarinmu zai tsaya.

Asalin sulken

Iron Man ya fara bayyana ne a mujallar Tales of Suspense ta kamfanin Marvel, fitowa ta 39, mai ɗauke da watan Maris na 1963. Mutum huɗu suka haɗu suka samar da shi. Stan Lee ya tsara ƙashin labarin, ƙanensa Larry Lieber ya rubuta maganganun, Don Heck ya zana shafukan ciki, Jack Kirby kuma ya zana bangon, shi ne ma ake jingina wa fasalin sulken farko. Tauraron, Tony Stark, attajiri ne mai ƙera makamai yana sayar wa sojojin Amurka. Lee ya sha faɗa daga baya cewa rayuwar attajirin nan Howard Hughes ya duba, kuma da gayya ya zaɓi irin mutumin da matasa masu karatu ba za su so ba, don ya gwada ko zai iya sa su so shi.

Ga yadda labarin yake a taƙaice. Stark ya tafi Biyetnam don ya ga yadda ake aiki da wata ƙirarsa a fagen fama, sai ya taka tarkon nakiya, wani ɓallin ƙarfe ya shige masa ƙirji yana matsawa kusa da zuciya. Wani madugun mayaƙan kwaminisanci mai suna Wong-Chu ya kama shi, ya tilasta masa ya ƙera masa makami. Tare da wani dattijo masanin kimiyya, Farfesa Yinsen, wanda shi ma a tsare yake, Stark ya ƙera rigar ƙarfe wadda za ta riƙe masa zuciya ta ci gaba da bugawa, ta kuma ba shi ƙarfin kuɓuta. Kafin rigar ta gama shan wuta sai ga masu gadi tafe. Yinsen ya fita da gudu ya ɗauke musu hankali, suka harbe shi.

A lura da abin da marubutan suka shuka tun a shafukan farko. Rigar magani ce kafin ta zama makami, kuma da ran mutum aka saye ta. Fasalinta ma ba abin sha'awa ba ne: ƙatuwa ce mai launin toka, kan kamar an kifa bokiti, tafiyar kamar ta mai koyon tatata. Farantin da ke ƙirjin kuwa ba ya cirewa, domin ranar da Stark ya cire shi ranar zai mutu.

Wannan siffa ba ta daɗe ba. A fitowa ta 40 aka mayar da rigar ruwan zinariya, dalilin da aka bayar a cikin labarin kuwa shi ne mutanen da yake ƙoƙarin ceto tsoronsa suke ji, har wata budurwarsa mai suna Marion ta ce da ma ya yi kama da jarumin da ke cikin sulke mai walƙiya. A fitowa ta 48, ta watan Disamba na 1963, Steve Ditko, wanda ya fara zana Spider-Man, ya sake fasalin gaba ɗaya. Ya rage ƙibar, ya sa rigar ta bi jiki, ya ba ƙirji da kwalkwali da safar hannu da takalma launin ja, ya bar damatsa da cinyoyi da fuska a ruwan zinariya. A nan ma labarin ya ba da hujja, cewa tsohuwar ta yi nauyi, tana shanye wutar da zuciyarsa ke buƙata. Bayan 'yan gyare-gyare a fuskar cikin 1964 da 1965, wannan siffa ta zauna kusan yadda take har zuwa 1985. Ita ce ake bege.

Abin da tsohon sulken ke ɗauke da shi

Abu na farko shi ne iyaka. Tsohon sulken da batir yake aiki, batir kuwa ƙarewa yake yi. Mai karatun shekarun 1960 ya saba ganin wannan hamshaƙin attajiri yana rarrafe a ƙasa yana neman soket ɗin bango don ya jona ƙirjinsa, alhali minti kaɗan da suka wuce shi ne ke ɗaga mota da hannu ɗaya. Wutar da zai harba wa abokin gaba ita ce dai wutar da ke riƙe da ransa, saboda haka kowane naushi da ya kai, daga kwanakinsa ya cira. Wannan dabara ce ta gina fargaba wadda ba ta buƙatar dogon bayani. Mai karatu na lissafi tare da tauraron, yana tambayar kansa ko abin da ya rage zai kai.

Iyakar ba ta tsaya a fagen faɗa ba, ta bi shi har cikin rayuwarsa. Duniya na ganin Stark a matsayin ɗan gayu mai farin jinin 'yan mata, alhali a ƙarƙashin kwat ɗinsa akwai farantin ƙarfen da ba ya son kowa ya gani. Yana son sakatariyarsa Pepper Potts amma yana ja da baya, don yana ganin bai dace ya ɗaura wa mace rayuwar mutumin da bai san ko zai kai gobe ba, har daga baya ta auri direbansa Happy Hogan. Bugu da ƙari, ya gaya wa jama'a cewa Iron Man mai tsaron lafiyarsa ne da ya ɗauka aiki, yana yawo da sulken a naɗe cikin jakar hannu irin ta ma'aikatan ofis. Ke nan rigar da ta cece shi ita ce kurkukunsa. Manazarta kan ce kyakkyawar alama a adabi ita ce wadda ke faɗin abu biyu masu karo da juna a lokaci guda, to wannan sulke haka yake: yana nuna ƙarfin mutumin, yana kuma nuna rauninsa, duk a zane ɗaya.

Abu na biyu shi ne fuska. Kwalkwalin ba shi da gira mai motsi ko leɓe mai murmushi, 'yan tsagu ne kawai, biyu na ido ɗaya na baki. Dole mai zane ya nemi wata hanyar nuna fushi ko tsoro ko gajiya. Gene Colan, wanda ya karɓi zanen a 1966, ya yi fice wajen wannan, ta hanyar sunkuyar da kan, ko jefa inuwa a rabin fuskar, ko barin idon mutum ya leƙo ta cikin tsagar. Idon nan da ke leƙowa shi ke tuna wa mai karatu cewa akwai mai numfashi da gumi a cikin ƙarfen. Marubucin zube ma yana da darasi a nan, domin sau da yawa abin da tauraro ya kasa faɗa ya fi abin da ya faɗa ratsa zuciya.

Abu na uku shi ne sauƙin fasali. Launi biyu ne, da da'ira a ƙirji, da wasu faifai biyu a kwankwaso. Yaro ɗan firamare zai iya zana shi a bayan littafinsa, kowa kuma ya gane wanda ya zana. Wani ɓangare na wannan sauƙi tilas ce ta kawo shi, domin ɗab'in mujallun wancan zamani a kan takarda mai arha ake yi, da launuka ƙalilan, mai zane kuma yana da shafuka masu yawa da zai cika kowane wata. To amma tilas ɗin ta haifi alheri, don siffar da ido ya kama da wuri ita ce ke zama a ƙwaƙwalwa.

Riga da mai riga

Abu na huɗu, wanda a ganinmu ya fi sauran nauyi, shi ne tsohon sulken abu ne da ake cirewa a ajiye. Tunda ana ajiye shi, to ana iya sace shi, ana iya ara wa wani, ana iya sa shi a lokacin da bai kamata ba. Daga wannan ne manyan labaran Iron Man suka fito, musamman bayan da aka yi wa Stark aikin zuciya a 1969, marubuta suka rasa ciwon da suka daɗe suna dogaro da shi, suka shiga neman wani.

A 1979 David Michelinie da Bob Layton, tare da mai zane John Romita ƙarami, suka fitar da jerin labarin da aka fi sani da Demon in a Bottle, wato shaiɗanin cikin kwalba, daga fitowa ta 120 zuwa ta 128 ta mujallar Iron Man. Wani abokin gasarsa a kasuwanci, Justin Hammer, ya sami hanyar sarrafa sulken daga nesa, ya sa hannun Iron Man ya kashe wani jakada a bainar jama'a. Stark ya faɗa shan giya. A fitowar ƙarshe ya sa sulken yana cikin maye ya tafi taimako wurin hatsarin jirgin ƙasa, sai ya ƙara ɓata al'amarin. Bangon wannan fitowa ya nuna shi a gaban madubi, fuska duk gumi, ga kwalba ga kwalkwali a ajiye. Hoton ya gama faɗin jigon: sulke na kare mutum daga harsashi, amma abin da ke cikin cikinsa tare suke shiga rigar.

Marubuci Denny O'Neil ya ƙara zurfafa wannan jigo. A hannunsa wani maƙiyi mai suna Obadiah Stane ya ƙwace kamfanin Stark, shi kuma ya koma wa kwalba har ya zama mai kwana a titi. A 1983 amininsa James Rhodes, matuƙin jirgi baƙar fata, ya sa sulken ya zama Iron Man, jama'ar cikin labarin kuwa ba su san an sauya mutum ba. Wannan tsohuwar dabara ce a adabin duniya. A waƙar Iliyad ta Girkawa, Faturokulas ya ari sulken amininsa Akilis ya fita fagen fama, abokan gaba suka razana suna zaton mai shi ne, amma ƙarshenta a cikinsa aka kashe shi. Rhodes bai mutu ba, sai dai kwalkwalin da aka daidaita da ƙwaƙwalwar wani ya riƙa sa masa ciwon kai da saurin fushi, ga kuma tsoron ranar da mai riga zai ce a ba shi kayansa. Abin lura a nan shi ne, da Stark ya fara farfaɗowa, abin da ya fara ƙerawa wata riga ce mai launin toka irin ta farkon nan. Wato su kansu marubutan sun mayar da begen tsohon sulke wani mataki na warkewar tauraronsu, kafin a fitowa ta 200, cikin 1985, su ba shi sabo mai launin ja da azurfa.

Sai kuma labarin da ake kira Armor Wars, yaƙin sulkuna, wanda ya fara a fitowa ta 225 a ƙarshen 1987. Stark ya gano an sace asirin ƙirarsa an sayar, har miyagu da dama da fasaharsa suke ɓarna. Ya tashi haiƙan yana bin duk mai sanye da irin wannan sulke yana lalata shi, bai bar na gwamnatin ƙasarsa ba, ya ɓata da abokansa, har rai ya salwanta. Tambayar da labarin ya ɗora ita ce ko maƙeri na da alhakin abin da aka yi da wuƙar da ya ƙera. Duk waɗannan labarai uku ba za su yiwu ba in da rigar da mai rigar abu ɗaya ne.

Sabon sulke

To, a nan ne sauyin zamani ya shigo. A labarin Extremis na Warren Ellis da Adi Granov, wanda ya fito tsakanin 2005 da 2006, an mayar da asalin raunin Stark ƙasar Afganistan, an kuma sa ya yi wa jikinsa allurar wata fasaha wadda ta sa rigar ciki ta sulken ta koma zama a cikin ƙasusuwansa, yana sarrafa sauran da tunani kawai. A 2010 Matt Fraction da Salvador Larroca suka ƙarasa aikin, suka sa sulken dukkansa ya zama wasu ƙananan injuna da ido ba ya gani, suna zaune a jikinsa, suna fitowa su zama duk abin da ya ga dama.

Finafinai ma wannan hanya suka bi. Fim ɗin farko na 2008, wanda Jon Favreau ya ba da umarni, Robert Downey ƙarami ya fito a matsayin Stark, ya girmama nauyin ƙarfe ƙwarai. Mun ga ana dukan ƙarfe da guduma a cikin kogo, mun ga gwaji na lalacewa, mun ga sulke na biyu ya daskare da ƙanƙara a sararin sama ya rikito, mun ga injuna na ɗaure masa rigar gaɓa-gaɓa da kusoshi. Amma kafin a kai fim na uku a 2013 sulkunan sun haura arba'in, suna tashi su yi faɗa ba kowa a cikinsu. A fim ɗin Avengers na 2018 kuwa, taɓa ƙirji kawai yake yi rigar ta malalo ta rufe shi kamar ruwa, hannunsa ya zama garkuwa yanzu, an jima ya zama igwa.

Ba mu ce waɗannan ayyuka ba su da daraja ba. Extremis musamman ya yi tambaya mai ma'ana game da inda mutum ya ƙare na'ura ta fara. Illar ita ce, abin da zai iya zama komai, mai karatu ba shi da ma'aunin da zai auna shi. In tauraro ya shiga tsaka mai wuya, ba ma jin tsoro, don mun san marubucin zai fito da wani sabon makami daga kafaɗar rigar. In kuma aka ci shi da yaƙi, ba mu san dalili ba, sai dai mu ce marubucin ne ya ga dama. A kwatanta wannan da sulken ɓoyo da Michelinie da Layton suka kawo a 1981, wanda aka cika shi da na'urorin ɓacewa daga idon maƙiyi har babu wurin sa makami. Wanda ya sa shi ya sami ɓoyo ya rasa faɗa, mai karatu kuma ya san haka tun kafin a shiga haɗari. Hausawa sun ce ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare, to sulken da miyarsa ba ta ƙarewa ba zai taɓa nuna mana ko wane ne a cikinsa ba.

Da alama su ma masu sana'ar sun ji wannan kuka. Sulken ƙarshe da Stark ya sa a fim ɗin Endgame na 2019 ya koma wa rabon launi irin na Ditko, kuma bayan an gama jero sunaye a ƙarshen fim ɗin, ƙarar guduma a kan ƙarfe aka sa, don tuna kogon farko. A 2020 kuma, da Christopher Cantwell ya karɓi rubutun mujallar, Alex Ross ya zana sabon sulke wanda ya yi kama da na da ƙwarai.

Inda bege ke yaudara

Adalci ya wajabta mu juya kwabon mu ga bayansa. Da farko dai, sulken da ake kira na ainihi shi ne na uku, kuma cikin shekara guda aka yi sauyin duka. Tauraron maƙeri ne, maƙerin da ya daina gyara ƙirarsa kuwa ya tashi daga maƙeri. Wanda ya fara karatu a 1986 mai launin azurfa yake bege, wanda ya fara da fim ɗin 2008 na fim ɗin yake bege. Wannan na nuna cewa wani kaso na begen, shekarun mai begen ne.

Na biyu, tsohon sulken na da nasa shirmen. An yi masa takalman taya a tafin ƙafa. A 1974 an liƙa wa fuskar hanci, aka yi ta yi masa dariya har aka cire shi a 1976. Labaran farko sun riƙa jingina ƙarfin rigar ga tiransisto kamar wani tsafi, alhali tiransisto ba ya samar da wuta, sarrafa wadda ake da ita kawai yake yi. Ke nan sihirin da muke zargin sabon sulke da shi, tsohon ma ya taɓa shi, bambancin dai shi ne tsohon ya amince batir na ƙarewa.

Na uku, wanda ya fi muhimmanci, an ƙera wannan sulke ne a tsakiyar Yaƙin Cacar Baka, kuma ƙurar wannan yaƙi na jikinsa. An zana Wong-Chu da Mandarin, wanda ya bayyana a 1964, da irin siffar raini da Turawa suka daɗe suna yi wa mutanen Asiya. Abokan gaba irin su Crimson Dynamo da Titanium Man 'yan Tarayyar Sobiyet ne, kuma labaran farko ba su ga laifin mai sayar da makamai ba ko kaɗan. Sai da ra'ayin Amurkawa ya juya game da yaƙin Biyetnam sannan aka sa Stark ya daina ƙera makamai a shekarun 1970. Mai karatu daga ƙasashen da aka gwada irin waɗannan makamai a kansu yana da haƙƙin ya tambayi wa wannan sulke mai walƙiya yake karewa. Duk begen da ya tsallake wannan tambaya bai cika nazari ba.

Na huɗu, bege haja ce. Kamfanin Disney ya sayi Marvel a 2009 a kan kuɗi kimanin dala biliyan huɗu, kuma kowane sulke, tsoho ko sabo, abin wasan yara ne da za a ƙera a sayar. In aka dawo da tsohuwar siffa aka bar ta ba nauyi ba iyaka, fenti kawai aka dawo da shi.

Kammalawa

Abin da muka fahimta daga wannan nazari shi ne masu begen tsohon sulken Iron Man suna da gaskiya, ko da yake da yawansu launi suke nunawa alhali abin da suka rasa yana ƙarƙashin launin. Sun rasa tauraron da ƙarfinsa ke da farashi, wanda ke iya ƙarewa, wanda ake iya ƙwacewa, wanda kuma ke hana mai shi wani abu da yake so. Da tsohuwar zuma ake magani, gaskiya ne, amma don abin da ke cikinta ne, ba don tsufar ƙwaryar ba.

Saboda haka muna ba masu tasowa a harkar rubutu shawara, duk wanda zai ba tauraronsa wani abin ƙarfi, ya zauna ya amsa tambayoyi huɗu kafin ya ci gaba. Me aka biya kafin a same shi? Yaushe yake ƙarewa ko ya ƙi aiki? Me yake hana mai shi samu? Me zai faru in ya faɗa hannun wani? Ya kuma tabbata mai karatu ya san amsoshin tun da wuri, domin ƙa'idar da aka bayyana a babi na biyu ita ke sa gumi a babi na goma, wadda kuwa aka ƙirƙiro a babi na goma don a kuɓutar da tauraro, mai karatu zai gane an yi masa wayo. Lee da Lieber da Heck da Kirby sun amsa uku daga cikin tambayoyin nan tun a shekarar farko, waɗanda suka gaje su suka amsa ta huɗun, kuma daga amsoshin ne aka yi ta ciro labari har fiye da shekara ashirin ba tare da rijiyar ta ƙafe ba. A nan za mu dasa aya, muna fatan masu ra'ayi dabam za su aiko da nasu don fitowa ta gaba.